Likkafanin Turin: da gaske kimiyya ta tabbatar da shi aka naɗe Yesu?

Ladi_K ta rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Don Allah ina da tambaya, kuma ina so wanda ya san abin sosai ya amsa min ba ji-ta-ji-ta ba. Akwai wani bidiyo da yake ta yawo a WhatsApp akan wani dogon ƙyalle da ke ajiye a wata babbar majami'a a birnin Turin na ƙasar Italiya, wai shine likkafanin da Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe jikin Ubangiji da shi bayan an sauke shi daga gicciye, kuma wai akwai siffar mutum a jikin ƙyallen gaba da baya, da jini da shaidar bulala da komai. Mai bidiyon yace masana kimiyya sun auna shi da eksire sun gano shekararsa 2000 ne, yace yanzu magana ta ƙare, kimiyya da kanta ta tabbatar da tashin Yesu daga matattu, har ya nuna wata fuska da aka haɗa da kwamfuta yace ga fuskar Almasihu nan.

Toh ni kuma na taɓa ji an ce an yi wani gwaji a 1988 ya nuna ƙyallen bai ma kai shekara 800 ba. Wanne ne gaskiya a ciki? Ina koyar da matasa a makarantar Lahadi kuma sun fara kawo min maganar da murnarsu, wata ma cewa tayi yanzu ne bangaskiyarta ta zauna daram tunda ga hujja a fili, abin ya tsaya min a rai sosai domin ina tunanin to idan gobe aka zo aka nuna mata ba haka bane fa, ina zata sa kanta? Bana so in kashe musu gwiwa kuma bana so in koya musu abinda ba tabbas. Ku taimaka min da bayani, na kimiyyar da kuma na bangaskiyar.

Malam_Bulus ya rubuta:

Ƙanwata Ladi sannu da ƙoƙari, tambayarki tana da nauyi. Ni kemistiri nake koyarwa kuma na daɗe ina bin maganar nan, bari in faɗa miki abinda yake a rubuce.

Ƙyallen na lilin ne, tsawonsa wajen mita 4.4 faɗinsa mita 1.1. Wuri na farko da tarihi ya kama shi ba tare da gardama ba shine wani ƙauye mai suna Lirey a Faransa, wajen shekarar 1355, a hannun wani barde Geoffroi de Charny, kuma mutumin ya mutu a yaƙi a 1356 bai bar wa kowa bayanin inda ya samo shi ba. Abinda mutane da yawa basu sani ba shine tun lokacin aka fara rigima akansa, kuma ba marasa addini ne suka fara ba, shugabannin ikilisiya ne. A 1389 bishop ɗin Troyes, Pierre d'Arcis, ya rubuta wa Clement na 7, wanda Faransa ta ɗauka a matsayin Fafaroma a lokacin, da ke zaune a Avignon cewa bishop ɗin da ya gabace shi ya yi bincike har ya gano mai zanen da ya yi aikin kuma mai zanen ya amsa. Clement bai hana nuna shi ba amma ya sa sharaɗi a faɗa wa jama'a cewa siffa ce ta likkafanin, ba shi kansa bane. Daga baya a 1453 ya koma hannun gidan sarautar Savoy, a 1532 gobara ta kama ɗakin sujadar da yake ciki a Chambéry har azurfar akwatin ta narke ta ɗiga ta ƙona shi, sistoci suka yi masa faci a 1534, sannan aka kai shi Turin a 1578. Sai a 1983 ya zama mallakar Fafaroma bayan rasuwar tsohon sarkin Italiya Umberto na 2.

Yanzu gwajin 1988. Yadda abin yake shine duk tsiro idan yana raye yana shan iskar da ke ɗauke da wani nau'in kabon da ake kira kabon 14, ranar da aka yanke shi ya daina sha, wanda ke jikinsa kuma ya fara raguwa a hankali, rabi yana tafiya duk shekara 5730. Lilin daga tsiro ake yinsa, so idan ka auna kabon 14 da ya rage ka san lokacin da aka girbe tsiron. A watan Afrilu 1988 aka yanki ɗan ƙarami daga kusurwar ƙyallen aka raba wa ɗakunan gwaji uku, Oxford a Ingila, Zurich a Suwizalan da Arizona a Amurka, kuma aka haɗa musu da wasu tsofaffin ƙyallaye da an riga an san shekarunsu don a ga ko na'urorin na aiki daidai. Dukansu uku suka faɗa zamani ɗaya, tsakanin 1260 da 1390. Kadinal ɗin Turin da kansa, Ballestrero, shi ya sanar da sakamakon a watan Oktoba na shekarar. Ki duba fa yadda wannan lissafi ya zo ya hau daidai kan lokacin da ƙyallen ya fara bayyana a Lirey da lokacin da bishop ya ce an zana shi, takarda ta faɗi abu ɗaya na'ura ta zo bayan shekara 600 ta faɗi abin nan dai, ni a wajena wannan shine abu mafi ƙarfi a duk maganar.

Na eksiren da mai bidiyonki yake faɗa kuwa akwai shi, ba ƙirƙira yayi ba. Wani masani ɗan Italiya Liberato De Caro da abokan aikinsa suka wallafa shi a 2022, sai a 2024 jaridu suka ɗauka ya bazu. Sun haska ɗan zare ɗaya suka duba yadda ya lalace saboda tsufa, suka ga yayi kama da wani lilin na ƙarni na farko da aka samo a Masada a ƙasar Isra'ila. Amma lalacewar zare ta danganta da zafi da laimar wurin da aka ajiye shi, su da kansu sun rubuta cewa lissafin zai tsaya ne kawai idan ƙyallen ya zauna cikin wani ma'aunin zafi da laima na tsawon ƙarni 13, kuma hanyar sabuwa ce su suka ƙirƙiro ta, ba kamar kabon 14 ba da aka gwada akan dubban abubuwa tun wajen 1950. Kada ki gaya wa yaran nan kimiyya ta tabbatar, bata tabbatar ba.

Yohanna84 ya rubuta:

Malam Bulus da girmamawa, duk abinda ka faɗa akwai shi amma ka kawo rabin labari ka bar rabi. Shekarun ƙyallen tambaya ɗaya ce, yadda siffar ta hau kansa tambaya ce daban kuma ita ce har yau ta gagari kowa.

'Yar'uwa Ladi ki fara daga 1898. Wani mai ɗaukar hoto Secondo Pia aka ba izini ya ɗauki hoton likkafanin karo na farko, da ya je wanke hoton sai ya ga a jikin nagetif ɗin fuska ta fito tar kamar hoton mutum na gaske, ma'ana siffar da ke kan ƙyallen ita kanta a juye take, inda ya kamata yayi haske yayi duhu. Da ido idan ka tsaya kusa da shi ma da ƙyar zaka ga komai sai ɗan dishi-dishi ruwan ƙasa-ƙasa, sai ka ja baya. Wane mai zane ne a shekarun 1300 zai zauna ya yi aikin da ba za a ga kyansa ba sai bayan shekara 500 da aka ƙirƙiro kyamara? An zargi Pia da maguɗi, a 1931 Giuseppe Enrie ya sake ɗauka abu ya sake fitowa haka. Kuma tun 1902 wani masanin halittu Bafaranshe Yves Delage, wanda ba mai zuwa coci bane sam, ya tsaya gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa yace shi a ganinsa siffar gawa ce ta gaske.

A 1978 aka bar wata tawagar masana daga Amurka da ake kira STURP suka yi awa 120 suna kansa ba dare ba rana da kayan aiki iri-iri. Rahotonsu na 1981 yace basu sami fenti ko rini da ya yi siffar ba, babu alamar burushi, launin yana saman-saman zaren ne kawai bai ratsa ciki ba, siririn da bai kai kaurin gashi ba ko kusa, kuma biyu daga cikinsu Heller da Adler suka ce tabon jini ne na gaske har suka ce a ƙarƙashin jinin babu siffar, wato jini ne ya riga hawa kafin siffar, alhali mai zane jiki zai fara zanawa sannan ya ɗiga jini. Kafin nan a 1976 an saka hoton a wata na'ura VP-8 sai ya taso da tudu da kwari daidai da jikin mutum, abinda hoto na yau da kullum baya yi. Sannan ki duba raunukan, ƙusa a wuyan hannu take ba a tafin hannu ba kamar yadda kusan duk masu zanen wancan zamanin suke yi, shaidar bulala fiye da 100 a baya da ƙafafu, raunin ƙaya ya game kai duka, ga na mashi a kuiɓi.

Maganar 1988 kuma, kusurwa ɗaya tak aka yanka, kusurwar da aka fi kamawa da hannu duk lokacin da za a ɗaga wa jama'a su gani. Raymond Rogers wanda yana cikin tawagar 1978 ya wallafa a 2005 cewa zaren wurin ya bambanta da sauran ƙyallen, akwai auduga da rini, yana ganin gyara aka yi a wurin. A 2019 kuma bayan an samo ainihin alƙaluman gwajin daga gidan tarihi na Birtaniya aka sake lissafi aka ga sakamakon ɗakunan ukun bai jitu da juna yadda ya kamata ba. Takardar bishop d'Arcis ɗin ma babu sa hannu babu kwanan wata a jikinta kuma bai faɗi sunan mai zanen ba.

Amma in gaya miki gaskiya a matsayina na ɗan Katolika, ikilisiyarmu bata taɓa cewa dole ka yarda da shi ba. Fafaroma John Paul na 2 da yaje Turin a 1998 cewa yayi wannan ba batun bangaskiya bane, ikilisiya bata da ƙwarewar yanke hukunci akai, ta bar wa masana su ci gaba da bincike, ya kira shi madubin Bishara. Ni idan na kalli fuskar nan shan wuyar Ubangiji nake tunawa, kuma yana taɓa ni ƙwarai.

Baba_Ishaya ya rubuta:

'Ya'yana na karanta duka. Ni ba masanin na'ura bane, Littafi na sani. Ladi 'yata ki buɗe Yahaya sura 19 da 20. An ce Nikodimu ya kawo kayan ƙanshi mai yawa, mur da al'ul, suka naɗe jikin bisa al'adar Yahudawa, da Bitrus ya shiga kabarin kuma ya tarar da likkafanin a wuri ɗaya, mayanin da aka naɗe kai da shi a naɗe waje ɗaya shi kaɗai. Yahaya ya tsaya ya faɗi har yadda aka ajiye mayani amma bai ce sun ga siffa ba. Bitrus yayi wa'azi ranar Fentikos mutum wajen 3000 suka tuba, bai ɗaga ƙyalle ba. Manzo Bulus a 1 Korintiyawa 15 ya jera shaidun tashin Almasihu ɗaya bayan ɗaya, Kefas, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500, Yakubu, shi kansa, bai ambaci likkafani ba, kuma da akwai irin wannan abu a hannunsu anya zai bari? Wannan tambayar ba tawa bace, malamin Furotesta John Calvin ya yi ta tun 1543, a zamaninsa garuruwa da dama kowanne yana cewa shi ke da likkafanin.

Abinda nake tsoro shine abinda ya faru da macijin tagulla. Allah ne da kansa ya umarci Musa yayi shi, na gaske ne ba jabu ba, ya zama hanyar warkarwa a jeji, amma da aka daɗe Isra'ilawa suka koma ƙona masa turare sai da sarki Hezekiya ya farfasa shi, 2 Sarakuna 18:4. Kenan ko da ƙyallen nan na gaske ne hatsarin yana nan. Yarinyar da tace yanzu ne bangaskiyarta ta zauna, ki ja ta a jiki kada ki tsawata mata, ki zauna da ita ku karanta labarin Toma, ki nuna mata Yesu bai kori Toma ba don ya nemi gani, ya nuna masa hannuwansa, sannan ya sa albarka ga waɗanda basu gani ba suka ba da gaskiya, ki gaya mata ita tana cikin waɗannan tun kafin wani ya turo mata bidiyo.

Abu_Safwan ya rubuta:

Ku yi haƙuri in sa baki, ni Musulmi ne kuma kun san aƙidarmu akan Annabi Isa alaihissalam, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 yace ba a kashe shi ba ba a gicciye shi ba, ban zo jayayya akan wannan ba kowa ya san inda ya tsaya. Abu ɗaya nake so in ƙara wanda ina ganin zai amfani malama Ladi. A ce ma gobe an sake gwaji ya nuna ƙarni na farko, me ya tabbata? Ya tabbata ƙyallen tsoho ne, ƙila ya tabbata an naɗe wani da aka gicciye a ciki. Amma Romawa sun gicciye dubban mutane, bayan tawayen Spartacus kaɗai mutum 6000 aka jera a bakin hanya, kuma babu na'urar da zata karanto sunan mutum daga jini balle ta ce ya tashi. Mu ma muna da kayan da ake jingina wa Annabi sallallahu alaihi wasallam, irin waɗanda ke fadar Topkapi a Istanbul, kuma tambayar da malamanmu suke fara yi ita ce ina sanadinsa, wa ya karɓa daga wa har zuwa asali. In aka yi wa wannan ƙyallen tambayar nan, sarƙar ta tsaya a 1355, saura shekara 1300 babu wanda ya miƙa wa wani.

Yohanna84 ya rubuta:

Malam Abu Safwan na gode da ladabin maganarka, kuma gaskiya ne na'ura bata faɗin suna. Sai dai kambin ƙaya ba abin da ake yi wa kowane gicciyayye bane, shi ya sa ko masu cewa jabu ne sun yarda Yesu ake nufi da siffar. Maganar sarƙa kuma akwai masu ganin ba ta yanke ɗungurungum ba, wani sojan Faransa Robert de Clari ya rubuta cewa ya ga wani likkafani mai siffar Ubangiji a Konstantinoful kafin a wawashe birnin a 1204, akwai kuma wani tsohon littafi a Hungary na wajen 1192 da zanen jana'izar Yesu a ciki yake kama da wannan, duk da na yarda ba hujja ce yankakkiya ba.

Baba Ishaya ranka ya daɗe, Matiyu da Markus da Luka duk sun faɗi lilin ɗin da Yusufu ya naɗe shi da shi, Markus ma yace saye yayi, so babu karo da Yahaya. Kuma mu ba sujada muke wa ƙyalle ba Baba. A Littafin nan dai gawa ta taɓa ƙasusuwan Elisha ta tashi, 2 Sarakuna 13:21, kuma a Ayyukan Manzanni 19:12 ana ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus a kai wa marasa lafiya su warke. Majalisar Nikiya ta biyu a 787 ta riga ta raba tsakanin girmamawa da sujada, sujada ta Allah ce shi kaɗai.

Malam_Bulus ya rubuta:

Ɗan'uwa Yohanna ban ɓoye komai ba, na bari ne ka kawo da kanka don nasan zaka fi ni faɗinsa da zuciya. Na yarda babu wanda ya kwaikwayi siffar nan ɗari bisa ɗari, Luigi Garlaschelli ya gwada a 2009 da kayan da ake samu a wancan zamanin ya kusa amma bai kai ba. Sai dai rashin sanin yadda aka yi abu baya mayar da shi ɗan ƙarni na farko, tambayoyi biyu ne kamar yadda kai ma ka faɗa.

Bari in bi naka ɗaya-ɗaya inda gizo ke saƙar. Dattin hannu da hayaƙin gobara: an wanke samfurin kafin a auna, kuma in ka zauna ka yi lissafi, kafin datti ya ja ƙyallen zamanin Yesu ya dawo da shi 1300 sai ya zama kusan kashi 60 cikin 100 na kabon ɗin da aka auna sabo ne, wato dattin ya fi ƙyallen yawa, wannan ko da ido za a gani. Saɓanin ɗakunan uku: eh akwai, na Oxford ya fi na Arizona tsufa da wajen shekara 100, amma abinda kuke buƙata shekara 1300 ne ba 100 ba. Gyaran kusurwa: Mechthild Flury-Lemberg, gwanar tsofaffin tufafi wadda ita ta jagoranci cire facin sistocin nan a 2002 ta ga ƙyallen gaba da baya da hannunta, tace babu wani ɓoyayyen gyara a wurin, kuma mace ce da take ganin likkafanin na iya zama na gaske, ba abokiyar gaba bace. A 2010 ma an duba ragowar samfurin Arizona ba a ga gyara ba. Ga kuma abinda masu bidiyo basa faɗa, zaren da De Caro ya haska daga gefen wannan kusurwar dai aka ciro shi. To in kusurwar faci ce da aka yi daga baya yaya akayi eksire ya ba ta shekara 2000, in kuma asalin ƙyallen ce to kabon ya auna abin da ya dace kenan. Ba zai yiwu a riƙe duka biyun ba.

Jinin ma ba baki ɗaya aka yi ba, Walter McCrone ya duba samfurin 1978 ɗin nan dai da madubin ƙara girma yace jan ƙasa da wani jan fenti ya gani. Kuma ki gwada tunani ƙanwata Ladi, in aka shafa wa mutum launi a fuska aka lulluɓa masa ƙyalle har kunnuwa sannan aka shimfiɗa, fuskar zata fito da faɗi ne a baje, ta Turin kuwa siririya ce daidai kamar ana kallonta daga gaba, gashin ma ya sauka kamar na wanda ke tsaye ba kwance ba. Saƙar kuma mai tsada ce irin mai zubin ƙashin kifi, alhali likkafanin ƙarni na farko da aka tono a wani kabari a Urushalima a shekarar 2000 saƙa ce mai sauƙi.

Ni Kirista ne, na gaskata Yesu ya mutu ya tashi, kuma ina ganin ƙyallen nan aikin ƙarni na 14 ne, biyun basu taɓa faɗa a zuciyata ba. Abinda yake ɓata min rai shine a ce wa yaro kimiyya ta tabbatar alhali ba haka bane, ranar da ya shiga jami'a ya gano sai ya fara tambayar me kuma aka ƙara masa gishiri a kai, har abubuwan da suke gaskiya.

Ladi_K ta rubuta:

Na gode ƙwarai Baba da ku duka, Allah ya saka. Abu ɗaya ya rage min, tunda rigimar duk akan kusurwa ɗaya ce me ya hana a sake gwajin kawai a huta?

Malam_Bulus ya rubuta:

Izinin yana hannun Fafaroma tunda shine mai shi, babban bishop na Turin mai riƙo ne kawai, kuma tun 1988 ba a sake bada izinin yanka don gwajin kabon ba. Gwajin yana cinye abinda aka auna, dole a ƙona shi, shi ya sa suke ɗari-ɗari, ga shi kuma ya sha da ƙyar a gobarar 1997 da 'yan kwana-kwana suka fasa gilashi suka fito da shi, yanzu a shimfiɗe yake cikin akwati na musamman da iskar argon don kada ya ƙara lalacewa, ba kasafai ma ake fito da shi ba, an nuna shi a 1998, 2000, 2010 da 2015. Amma na'urorin yanzu ɗan mitsitsi suke buƙata, kuma akwai ƙonannun ɓurɓushin da aka cire a 2002 aka adana. Da za a tambaye ni cewa zan yi a ɗauka daga wurare da yawa nesa da kusurwar nan, a ba ɗakunan gwajin ba tare da sun san wanne ne wanne ba.

Yohanna84 ya rubuta:

A nan kam mun haɗu Malam, De Caro ɗin ma ya nemi wasu ɗakunan gwaji su maimaita nasa da ƙarin zare. In aka ɗauka daga tsakiyar ƙyallen ya sake nuna 1300 zan karɓa, sai dai zan ci gaba da tambayar wane ne wannan mutum da ya iya yin abinda har yau aka kasa maimaitawa. Kai kuma in ya nuna ƙarni na farko zaka karɓa?

Malam_Bulus ya rubuta:

Zan karɓa ranar ma, in dai ɗakuna daban-daban ne suka samu kuma suka fitar da alƙalumansu kowa ya gani tun farko, kada a sake riƙe su kusan shekara 30 kamar na 1988.